Muryar Inna a Shagon Tura Waƙa

Inna ba ta kiran sunana, domin ni ne ɗanta na fari. Idan tana nemana sai ta ce "kai wannan", ko ta aiki ƙanwata ta ce a kira mata "yayanku". A Makera na girma, ina jin maƙwabtanmu 'yan Filato da Binuwai suna ƙwala wa 'ya'yansu kira da suna tun daga bakin famfo, ni kuwa ko zazzaɓi nake yi sai dai ta ajiye kunu kusa da kaina ta juya. Ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba. Kunya ce irin ta mutanen garinsu, ta taho da ita Kaduna tare da tukwanenta.

Wuri ɗaya kawai sunana ke fita daga bakinta. Bayan an rufe masaƙar da Baba ke aiki, Inna ta kama murza taliya tana sayarwa, kuma in ta zauna gaban injin da hantsi takan rera wata waƙa da ita ta ƙaga abarta. Sai ta ambaci rijiyar gidansu, da tsamiyar ƙofar gida, da ƙannenta biyu da suka rasu tun suna yara. Can wajen ƙarshe ta sassauta murya ta faɗi sunana, sau ɗaya tak, ta ce Allah ya raya mata shi. A tunaninta kukan injin yana rufe wurin. Ni kuwa tun ina firamare nake laɓewa bayan labule ina jiran a zo daidai nan.

Farar hula sun ɗan daɗe da dawowa mulki kafin waya ta sauko daga hannun alhazai ta iso ga irinmu teloli. Ranar da na sayi mai ɗaukar memori, abin da na fara yi shi ne na laɓe a wurin da na saba, da gemuna da komai, na ɗauki waƙar daga farko har ƙarshe. Tari ne ya tona ni. Ta ɗaga labulen, ta dube ni, ta dubi wayar.

"Me ka ɗauka?"

Na kunna mata. Ta saurara kanta a ƙasa, da aka zo wurin sunan sai ta ja mayafi ta rufe baki.

"Kada abin nan ya fita daga gidan nan," in ji ta. "Ko babanku ban yarda ya ji ba."

Na ce wallahi ba zai fita ba. Ba ta ce in goge ba, kuma na gane kyauta ce ta yi mini irin wadda ba za ta iya miƙowa da hannu ba.

Ina da aboki tun muna aji ɗaya, wanda ya buɗe shagon tura waƙa a bakin titin Nasarawa, kusa da inda nake ɗinki. Shagon katako ne, kwamfuta ɗaya, da janareta, da lasifikar da ke hana mu jin kiran salla. Ka miƙa masa memori, ya cika maka shi da waƙoƙin Hausa da na Indiya da na Legas, har na coci yana da su saboda kwastomominsa na Unguwar Boro. Yana da wata ɗabi'a ta aiki. Duk memorin da aka ba shi, kafin ya zuba komai sai ya kwashe abin da ke ciki ya ajiye a kwamfutarsa, wai don kada na mutum ya ɓace. Da haka taskarsa ke ƙaruwa kullum. Na san da wannan sarai. Sau nawa na zauna a bencinsa muna kunna abubuwan mutane muna dariya.

Duk da haka na miƙa masa nawa. Na dai ja shi gefe na ce akwai wani abu na Inna a ciki, amana ce, kada ya taɓa.

"Haba mutumina!" ya ce, har da dafa ƙirji. "Inna ai uwata ce. Taliyarta nawa na ci a gidanku?"

Bayan 'yan makonni ina cikin bas zan kai wa wata Hajiya ɗinki a Kamazou, sai kwandasta ya kunna waƙa a wayarsa. Kiɗan fiyano ne ya fara, irin mai tsalle-tsallen nan na biki, sai ga muryar Inna a kai. Rijiyar, tsamiyar, ƙannenta. Aka zo wurin sunana, ta faɗa, kuma kafin ta kai ga addu'ar sai muryar abokina ta faɗo a kai da ƙarfi: "A garzayo shagonmu na bakin titin Nasarawa, a sha sababbi!" Kwandastan yana kaɗa kai yana bin amshi. Na sauka tun ba a kai ba, na tsallaka titi na hau mai komawa.

Na sami abokin nawa a shagonsa yana cin gyaɗa. Ko kunya bai ji ba.

"Kai ba ka san abin da ke hannunka ba," in ji shi. "Wannan murya a bar ta a ɗaka? Kwastoma goma in sun zo, rabi ita suke tambaya. Kuma wa ya san ta Inna ce?"

"Wa ka tambaya?"

Ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. "Kai waƙoƙin da na cika maka waya da su, masu su ka tambaya?"

Wannan magana ta ƙona ni, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Amma waɗancan mawaƙa ba su ci tuwo a kwano ɗaya da ni ba, kuma ban dafa ƙirji a gabansu ba. Na tsaya a kansa na ce sai ya goge, da mai kiɗan da ta asalin. Ya goge duka biyun a gabana, yana cewa ni dai na cika zafin kai, abin da ya riga ya bi bulutut daga waya zuwa waya ya zaga gari.

Damuwata ɗaya ce, kada ya kai kunnen Inna. Na je wurin wani dattijo ɗan Binuwai a layinmu, akawu ne a kotu, shi ma Baba muke ce masa. Ya saurare ni da kyau. Ya ce doka tana nan, waƙa ta wanda ya ƙaga ta ce, kuma tunda an ɗauke ta a na'ura babu mai ikon kwafa ya sayar ko ya ɗora mata kiɗa sai da izininsa.

"Amma ɗana," ya ce, "Mama za ta zo ta tsaya gaban alƙali ta ce muryarta ce? Kuma ko mun rufe shagon, wayar mutum nawa za mu bi?"

Na yi masa godiya na tashi.

A gidan suna ta ji. 'Yan mata suka kunna a tsakar gida, wata ƙawarta ta gane muryar, ta buga shewa ta ce, "Ashe dai kin iya sunan!" Mata suka ɗauka da dariya. Ƙanwata ta ce ko abinci Inna ba ta tsaya ci ba. Da ta dawo ina zaure. Ta wuce ni, ta ninke mayafinta, sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Kai wannan. Ka fa rantse mini."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ba ta kuma tada zancen ba. Ta ci gaba da murza taliyarta kowace hantsi, ni kuma nakan tsaya bayan labulen, ba abin da ke fitowa sai kukan injin.

Da damina ta zo ruwa ya dake ni a kan hanya, memorin ya lalace, aka yi duk dabara bai tashi ba. Ta asalin da za ta rage a duniya ita ce wadda na tsaya a kan abokina na sa ya goge. Bayan 'yan shekaru Inna ta rasu. Abokin nawa ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma yana share ido, na ba shi hannu saboda mutane na kallo. Ban ƙara taka shagonsa ba.

Sai da aka share makoki na shiga neman waƙar kamar mai neman ɓatacciyar akuya. A wayar wani direba na same ta, ya turo mini yana cewa ai tsohon yayi ce. Ita ce a wayata yanzu, da fiyanonta da komai. Nakan kunna in na rufe shago da la'asar, in jure kiɗan, in bi ta rijiyar da tsamiyar har mu iso wurin. Inna ta sassauta murya ta kira sunana, abokin nawa kuma ya amsa da tallarsa.