Hular da Na Saƙa wa Baba

A gidanmu na unguwar Adjamé Liberté, tatsuniya takan fara ne bayan magariba, lokacin da Kaka ta zauna gaban murhun gawayi tana soya aloko, wato soyayyiyar ayaba. Mu jikoki biyar sai mu kewaye ta. Faransanci muke yi a tsakaninmu, amma a gaban wutar nan Hausa kaɗai ake ji.

Ina shekara tara aka koya mana saƙa a makaranta. Mako uku na yi ina saƙa wa Baba farar hula don ya sa ranar Juma'a. Ta fito gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ga tsini a sama. Yayyena suka yi ta dariya. Baba ya ce, "Merci, ma fille," wato na gode 'yata, ya ninke ta ya sa a aljihu. Ranar Alhamis ke nan. Na ƙudura a raina, in bai sa ta gobe ba, na bar saƙa har abada.

Baba ɗan fari ne, don haka Kaka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa faɗa a gabanmu. Da yammar nan yana zaune bakin ƙofa yana jin rediyo, sai ta ce tatsuniyar yau ba kura ba zomo. A unguwar Treichville ta gano ta, a shagon Kawu Sani kusa da tashar mota ta Gare de Bassam, inda yakan kunna kaset ɗin bidiyon wasannin ban dariya na Turawan Ingila. Kaka ba ta jin Ingilishi ko kalma ɗaya. Fuskoki take kallo, ta sa musu magana da kanta.

Wai wani tsoho ne maƙwabciyarsa ta saƙa wa rigar sanyi, hannu ɗaya ya kai masa gwiwa. Ya sa ta ya tafi kanti. Ya naɗe hannun, ya warware, ya faɗa cikin shayi. Duk wanda ya gamu da shi sai ya dubi rigar, sannan ya ce da alama za a yi ruwa. Da matar ta tambaye shi ko ta yi masa daidai, ya ce tunda yake bai taɓa samun irinta ba. Labarin ke nan.

Yaya Bashir ya ce, "To Kaka, ina abin dariyar?"

"Kai miji na banza, ka saba da masu faɗuwa ƙasa suna ihu. Waɗannan tasu dariyar a ciki take." Ta juya aloko, ta ɗan ɗaga murya ba tare da ta dubi ƙofa ba. "Rigar ba ta yi masa kyau ba. Amma ya san kwana nawa aka yi ana saƙa ta."

Na ji ƙarar rediyo ta ragu.

Washegari Baba ya fito da farar riga, hulata a kansa, tsinin ya karkata hagu. Telan da ke ƙofar gidanmu ya dube shi, ya daɗe yana duba, sannan ya ce yau akwai zafi.

Yanzu nakan kalli irin wasannin nan da fassarar Faransanci a ƙasa. Ba a ihu, ba a guje-guje. Mutane biyu ne a benci, ko mai kanti da ba ya iya ce wa kowa a'a, kana kallo sai ka ji kana murmushi. Duk ƙawar da ta dawo aiki a gajiye, su nake ce mata ta nema, ta yi haƙuri da minti goma na farko. Na tsohon mai riga dai na neme shi ban samu ba. Da na tambayi Kawu Sani, ya ce shi bai tuna da wani kaset mai rigar sanyi ba.