Labo da Buhun da Ido Ba Ya Gani

Shekara ashirin da biyu Labo ya yi a izin, wato masana'antar siminti ta Malbaza, aikinsa kuwa guda ɗaya ne: ya tsaya inda ake yi wa manyan motoci lodi, ya duba kowane buhu kafin ya hau. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Amma idan ya ɗora tafin hannunsa a kan buhu ya ce a sauke, direbobi sukan yi gunaguni su sauke, domin sun sha ganin gaskiyarsa a hanyar Tawa, inda irin waɗannan buhunan ke fashewa. Mutum ne mai kaifin harshe, wanda ba ya yanke hukunci sai ya yi tambaya. Irin wannan hali ya yi ƙaranci, shi ya sa ya cancanci a rubuta shi.

A daminar 1993 ɗansa Sanusi ya zo hutu daga Faransa, inda yake karatun haɗa magunguna. Ƙanin Labo, Ishaku, ya riga ya samar masa gurbi a wani kantin magani a Konni, ya dage sai ya zauna gida. Sanusi yana son komawa, amma ya ce ba zai shiga mota ba sai da yardar mahaifinsa. Aka zauna a zaure bayan la'asar.

"Shekara shidda," in ji Ishaku, "ko maganin ciwon kai ba ka yi ba. Mi kake yi can?"

"Baffa, akwai cututtukan da tushensu ke cikin ƙwayoyin jiki, inda aka rubuta abin da mutum ya gada. An samo magani, ɗan siririn zare, wanda in ya shiga ƙwayar zai toshe wurin da ya ɓaci. Sai dai jini na cinye shi tun bai isa ba. Mu muna haɗa wani abu dangin roba, sunansa polima, mu naɗe maganin ciki ya kai shi."

Ishaku ya tuntsire da dariya. "Ka ji, Yaya? Ɗanka mai ƙunshi ne!"

"Ni ma mai ƙunshi ne, kuma da shi ka yi wannan tumbi," in ji Labo. Ya juya ga ɗansa. "Buhun naka, shina hwashewa a hanya?"

"Wani lokaci, Baba. Mun rage."

"In ya isa, shina buɗewa?"

"Yakan buɗe."

"To, in an zazzage, ina buhun za shi? Namu mahauta su ƙunshe tsire, mata su hura wuta. Naka, wa za shi kwashe shi daga jikin mutum?"

Babu wanda zai iya kama Sanusi a zauren nan idan ya ƙawata magana, ya kuma san haka. Duk da haka ya faɗi gaskiya: a kwanukan gwajinsa polimar takan taru ta kashe ƙwayoyin da ta kai wa magani, ba a gwada wa mutum ba, bai kuma san ranar da za a gwada ba.

"Ya faɗa da bakinai!" in ji Ishaku. "Sai ya zauna."

A nan hankalin 'yan'uwan biyu ya rabu. Ishaku ya ɗauka wanda ya faɗi aibin aikinsa ya gaza. Labo kuwa ya san cewa sai wanda ya duba da kyau yake ganin aibi, kuma aiki mai hatsari irin wannan ba a barinsa sai a hannun irinsa.

"Da ka ce mini komi ya yi daidai," in ji Labo, "da na riƙe ka gida, don gara maƙaryaci shi zauna inda ake ganinai. Koma. Kada ka yarda a sa ma ɗan kowa abin ga sai ka san inda shike ƙarewa."

Da kansa ya raka shi tasha a Konni, ya tsaya har motar ta ɓace masa. Shekara huɗu bai sake ganinsa ba. Duk wanda ya tsokane shi a bakin izin da "Labo, ina maganin?" sai ya amsa, kai a ɗage, "Bai yi ba tukuna."