Karkatacciyar Shimfiɗar Khalida

Duk Kasuwar Assihar an san Abubakar Siddiƙ mai yadi, mutumin Damagaram, da abu guda: ninki. Yana saurayi ya zo Tamanrasat, ya ɗauki bulo a unguwar Sersouf har bayansa ya ce ya gaji, sannan ya buɗe rumfar rawuna da gidan sauro. Baki kan baki yake jera kaya. Ko ana tsakiyar ciniki, in ya hango ninki ya karkace, sai ya bar mai saye a tsaye ya je ya gyara. Shi da kansa yakan ce, "Da Allah ya ba ni ilimi yadda ya ba ni fitina, da yanzu minista nake."

Ilimin kuwa kan ɗiyarsa Khalida ya sauka. Ta gama jami'a, wani ɗakin bincike a Alje, babban birnin ƙasar, ya kira ta aiki kan wani abu wai shi girafin. Uban ya kafe: ba inda za ta sai ya gane abin da za ta je yi.

Ta same shi a rumfa da hantsi. "Baba, bakin fensir da ake rubutu da shi falle-falle yake. In aka ɓare falle guda, wanda ya fi ɓawon albasa sirantaka nesa ba kusa ba, shi ne girafin."

"Ɓare albasa ai uwarki ta iya, ba ta je Alje ba."

Khalida ta jawo gidan sauro biyu, ta ɗora ɗaya kan ɗaya, ta ɗaga wa rana, ta ɗan murɗa na saman. Sai ga wasu manyan zane kamar furanni sun fito a jikin ragar. Ta ce, "Haka muke yi da falle biyu na girafin. Gwargwadon karkatar, yadda kuran, wato lantarki, ke bi ta cikinsa da yadda yake shan haske sai su sauya. Aikina in nemo karkatar da ta dace."

Kafin ta rufe baki hannun uban ya kai, ya daidaita ragar. Furanni suka ɓace. Ta sake murɗawa, ya sake daidaitawa.

Sha'ibu mai shayi, maƙwabcin rumfa, ya ƙyalƙyale da dariya. "Haba Alhaji, ka bar kimiyya ta sha iska mana!"

Abubakar Siddiƙ ya zauna a kan hannuwansa biyu, yana gumi, ya ƙura wa ragar ido. Kayan da ya tsufa yana sayarwa ne, bai taɓa barin su sun nuna masa wannan ba.

"Wato da gangan ake karkatawa?"

"Da gangan, Baba."

"Kuma ba mai buge miki hannu?"

"Har diploma ake bayarwa."

Ya girgiza kai. "Ban gane ba, ɗiyata. Amma ki tafi, Allah ya tsare. In kika zauna kusa da ni, wallahi binciken nan duka sai na gyara miki shi."