Motar Usta Abbakar da Lambar Ƙashinta

Shekara uku ke nan da muka kai Usta Abbakar makwancinsa a bayan birnin Alƙahira. Ga waɗanda ba su san shi ba, babban bakanike ne, abin da Misirawa ke kira usta, Bahaushen Sudan, wanda kakanninsa suka baro ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar hajji, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Ni kuwa tsohon malamin makaranta ne. Na yi karatu a hannun 'yan mishan a ƙasar Zazzau, aikin fassara ya kawo ni wani ofishi a unguwar Dokki, na tsufa a nan. Shi Musulmi, ni Kirista. Shi mai dariya, ni ba a san ni da ita ba. Fiye da shekara ashirin muna shan shayi a ƙofar garejinsa, yana kirana Hedimasta, ni ina gyara masa zama da tsayuwa, bai taɓa gyaruwa ba.

A shekarar da gari ya hargitse, jama'a suka cika dandali, aiki ya yi ƙaranci a gareji. Usta ya ce tun da babu motar gyarawa, zai ƙera tasa. Ya sayi gawar wata tsohuwar mota daga magadan wani likita, da takardar ciniki mai hatimi. Ya yar da ruɓaɓɓen jikinta ya bar ƙashin, wato dogayen ƙarafan da mota ke zaune a kansu, waɗanda Misirawa ke kira shasi. A kan wannan ƙashi ya ɗora injin ƙaramar bas. Ƙofofin gaba na tsohuwar tasi ne, irin mai baƙi da farin nan da ake ta kawarwa a lokacin. Fitilu da wayoyi ya kwaso su a kasuwar Ataba. Kujerar baya kuwa ta falonsa ce, kuma uwargidansa Hajiya Sakina ba ta san an fitar da ita ba sai da ta dawo daga kasuwa ta nemi wurin zama.

Ban yarda da aikin ba, na kuma faɗa masa ba sau ɗaya ba. Amma na san abin da yake nema. Duk takardun da mutumin nan ya riƙe a rayuwarsa na wucin gadi ne: izinin zama na 'yan watanni, a sabunta, a sake sabuntawa, har furfura ta fito. Ya ce mini yana so, kafin ya bar duniya, ya riƙe takarda guda ta hukuma da aka rubuta sunansa a layin mai abu, ba a layin baƙo ba. Saboda haka na karɓi aikin takardu. Na jera su a fayil, na yi musu lamba, na ja layi da rula a ƙarƙashin kowane kai.

Da a nan na tsaya, da ba ni da abin rubutawa yau. A makarantarmu, kowace Asabar akan ba ɗalibi samfefa da benci guda. In ya gama, malamin sassaƙa ya zo ya shafa da bayan hannunsa, in ya ji kaushi ko kamar ƙwayar gero, a sake daga farko. Hannuna bai manta ba. Ranar da za a yi wa ƙashin fenti, Usta ya tafi sallar Juma'a ya bar mini gadin gareji. Ina zagaya ƙarfen ina shafawa, ba tabarau a idona, sai na ji kaushi kusa da tayar gaba ta dama, wasu 'yan ramuka a karkace, cike da tsatsa da baƙin mai. Na ɗauka tabon guduma ne. Na tuɓe kwat, na ɗauki magagari, na bi da samfefa. Kafin ya dawo wurin ya yi sumul, na shafe shi da fenti, na mayar da kwat. Ban ce masa komai ba, domin ba a koya mana shelar aikin kirki ba.

Bayan watanni motar ta kammalu. Tun da ba ta da lamba ba ta da ikon hawa titi, sai wani mai motar ɗaukar kayan lambu ya ja ta da igiya zuwa ofishin rajistar motoci, Usta a kan sitiyari, ni a baya rungume da fayil da tukunyar kashe gobara. Injiniyan da ke duba motoci, wanda suke kira bashmuhandis, ya zagaya ta sau biyu, ya juyo ga Usta.

"Ya Hajj, wannan mece ce?"

"Mota ce, ya bashmuhandis."

"Wace ƙasa ta ƙera ta?"

"Bayan Dokki, layi na uku."

Al'adarsu a can ita ce ba sa yarda da lambar da ke kan takarda sai sun ɗauko ta daga jikin ƙarfe. Sukan manna 'yar takarda a kan lambar da kamfani ya buga, su goga fensir a kai, lambar ta fito fara a cikin baƙi. Suna kiran wannan basma, kamar dangwalen yatsa. Ta injin ta fito tsaf. Injiniya ya durƙusa kusa da tayar gaba ta dama, ya kankare fenti, ya goga fensir. Takarda ta fito baƙa ƙirin. Ya sake da ta biyu, ya sake da ta uku. Usta ya rantse da idonsa ya ga lambar a nan ranar da ya sayi ƙarfen. A lokacin ne na sa tabarau na dubi wurin, na gane aikin hannuna.

Na matsa gaba, na ce da Larabcina na littafi ni ne na goge ta. Injiniya ya dubi kwat ɗina da furfurata da fayil ɗina, ya yi dariya. Ya ce, "Ma'alish, ya ustaz, zauna ka huta. Abota abu ne mai kyau, amma wannan hannun bai taɓa riƙe ƙarfe ba." Usta ne kaɗai ya gaskata ni. Ya juyo da Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

"Hedimasta, kai?"

"Kaushi gare shi."

"Kaushi! Ai kaushin shi ne motar, bawan Allah! Sauran duk ƙarfe ne!"

Motar da aka goge wa lamba, a idon doka ta sata ce har sai an tabbatar da akasin haka. Aka tsare ta a filin ofishin, aka ce in ba a gano lambar ba za a ƙwace ta a kai ta wurin masu narka ƙarfe. Makonni ta yi a can cikin rana. Kowace safiya Usta yakan je ya share mata ƙura, ya gaisa da masu gadi har suka saba suna ajiye masa kujera. Ni kuma na rubuta takardun koke guda biyar, babu kuskure ko ɗaya a cikinsu, kuma babu wadda ta yi amfani.

Abin da ya cece mu wani dattijo ne da hukuma ta aiko, riƙe da kwalba da auduga. Ya ce ƙarfen da aka buga wa lamba yakan riƙe ta a cikinsa ko an goge samansa. Ya shafa ruwan kwalbar, muka jira, sai ga lambobi suna tasowa dishi-dishi, ɗaya bayan ɗaya, daidai da na takardar cinikin motar. Ya shafa gefen wurin da yatsa, ya ce ya daɗe yana ganin aikin ɓarayi, da inji suke yi, cikin gaggawa, su bar rami. Wannan kuwa da hannu aka yi, a tsanake, har an daidaita gefe. Ya ce, "Wanda ya yi wannan ba ɓarawo ba ne, mai taɓin hankali ne." Ina shaida wa mai karatu cewa rabin farko na maganar ya yi mini daɗi ƙwarai. Da suka sake buga lambar da guduma, ta fito a karkace fiye da ta farko, sai na ji Usta ya riƙe hannun rigata gam har muka fita daga filin.

Takardar ta fito. A layin irin mota an rubuta haɗe-haɗe, a layin mai ita an rubuta Abbakar. Daga ofishin bai nufi gida ba, ya nufi babban titin Mohandessin, muka shiga cunkoso har la'asar, yana miƙa takardar ta taga ga wani ɗan sandan hanya da bai tambaye shi ba. Wata bakwai ya tuƙa ta, ciwon zuciya ya ɗauke shi.

Yau in na tsaya a bakin titi nakan ga tuktuk, irin a-daidaita-sahun nan namu, sun cika lunguna, yawancinsu ba lamba ba takarda, suna bin hanya ta kowace fuska. Nakan tambayi kaina me Usta zai ce. Na san zai fara da dariya, ya ce, "Ka gani, Hedimasta? Mun sha rana a banza." Amma ban yi tsammanin zai yi musu hassada ba. Shi ba gudu yake nema ba. Yana so ne a tsayar da shi a tambaye shi, ya kuma sami abin nunawa.

Ranar zaman makoki, ina zaune tsakanin dattawan Sudan da ɗaliban Arewa masu karatun addini, aka ɗauko labarin motar ana dariya cikin hawaye. A nan na ji yadda Usta ya ba da shi. Ya gaya wa kowa, har Hajiya Sakina, cewa tsatsa ce ta cinye lambar. Mutumin da ba ya iya riƙe labarin dariya daga safe zuwa azahar ya riƙe mafi daɗinsu har kabari, don kada a yi wa tsohon da ke gyara wa kowa kuskure dariya a Alƙahira. Suka juyo gare ni suka ce, ko ba haka aka yi ba, Malam? Na gyara zaman tabarau, na bar maganar a kan tsatsa.

Motar tana nan a ƙofar gidansu, surukinsa na tuƙa ta, kuma wata rana za ta tsaya kamar kowace mota. Abin da ban ga alamar zai tsaya ba shi ne wannan rufin asiri, wanda nake yawo a cikinsa shekara uku ana gaishe ni da girma. Ya isa haka. Hajiya Sakina, ke da duk waɗanda suka zauna a tabarmar makokin nan: tsatsa ba ta taɓa lambar ba. Ni ne, da magagari, ranar Juma'a. Ku yi dariyar da ya hana ku, sannan ku yi masa addu'a.