Cibiya a Bokitin Fenti

Duk wadda ta ce miki haihuwar fari a asibiti hutu ce, ki tambaye ta ko ta taɓa haihuwa. Ni dai daga unguwarmu Nima zuwa ƙofar asibiti, a cikin tasi, ba sunan da ban kira ba, har da na mijina wanda kunya ta hana ni faɗa tun aurenmu. Nas ɗin da ta karɓe ni, wata 'yar gajera mai muryar kwandastan mota, ta ce mini da Tonanci, yaren 'yan ƙasa, in rage ihu, wai ai ranar da nake neman abin ban gayyace ta ba. Da ina da numfashi, da ta ji Hausa.

Allah ya sauke ni lafiya, aka samu mace. Aka shigo da Innata, na ɗaga kai ina jiran sannu. Ko kallona ba ta yi ba.

"Ina mabiyiyar?" ta ce.

A wajen Inna haihuwa ba ta cika sai an wanke mabiyiya, an naɗe ta a farin ƙyalle, uba ya binne ta a ƙasar gida. Wanda aka yar da tasa, in ji ta, haka zai ƙare yana gararamba ba shi da gari. Nas ta ce su ƙonawa suke yi. Inna ta tokare ƙofa da jikinta, ta ce to sai a haɗa da ita a ƙona. Ƙarshe aka miƙo mata abin a baƙar leda, irin ta wake da shinkafa, ta danƙa wa mijina.

Mijina mai fenti ne, mutum mai cika baki. Ya ce ƙasa kuma, ai ko'ina ƙasa ce.

Ashe babu. Alhajin da muke haya a gidansa ya shafe tsakar gida da siminti, inda bishiya take ma ya sare ya yi ɗaki. Da aka roƙe shi a fasa ɗan gefe kaɗan, ya ce yau a binne cibiya, gobe a zo masa da maganar gado. Lungunanmu kuwa daga siminti sai kwata. Kawuna da ya shekara goma yana yi mana gorin filinsa na unguwar Malam, ranar muka ji ashe tuni ya sayar. Mijina ya lallaɓa unguwar Kanda inda ake da ciyawa, ya durƙusa zai tona, mai gadi ya biyo shi da sanda yana kiransa matsafi.

Haka ya dawo asibiti jiƙe da gumi, leda a hannu. Ya sunkuyar da kai ya ce da Inna ko a saka a babbar kwata, tunda ruwa ma a kan ƙasa yake tafiya. Kallon da ta yi masa, har yau bai warke ba.

Ni da nake yi wa Inna dariya a zuci, sai na ji hawaye. Gaskiya tsoro ya kama ni, haushi kuma ya fi tsoron. A Nima aka haife ni, a Nima aka haifi Inna, amma ba mu da ƙasar da za ta rufe abin da bai fi tafin hannu biyu ba.

Inna ce ta raba gardama. Ta sa ya wanko tsohon bokitin fenti, ya samo ƙasa wurin masu sayar da furanni a bakin titi. A ciki aka binne, aka yi addu'a, ta shuka barkono a kai. Tun daga nan duk tashin da masu gida suka yi mana, daga Nima zuwa Mamobi, daga Mamobi mu dawo Nima, bokitin nan ne farkon shiga mota, a cinyata.

Kwanan baya yarinyar ta dawo daga makaranta fuska a murtuke. Malamarsu ta sa kowa ya faɗi garinsu, ta ce Nima, malama ta ce Nima ai Zango ne, masaukin baƙi, ba garin kowa ba ne, ta je ta tambayo a gida.

"Mama, ina ne garinmu?"

"Ga shi can bayan ƙofa," na ce. "Je ki ba shi ruwa."