Murmushin Alhaji Garba Mai Soya

Ranar da ba ta fita raina a aikin nan ita ce ranar da na sa marigayi Alhaji Garba murmushi. Ina ba ku labarin ne, ku sababbin ma'aikatan studiyo, don na ga kuna ɗokin manhajojin gyaran hoton nan kamar yadda na yi.

A lokacin maigidanmu, Patron Buba, bai daɗe da ɗaga ni daga riƙon kyamara zuwa teburin montaj ba. Montaj shi ne haɗa hoto da murya su zama labari guda, kuma ƙa'idarmu ba a ƙara komai a kayan mutum sai an tambaye shi. Patron ya ce gwaji ne: in aikin farko ya yi kyau kujerar tawa ce, in ya ɓaci in koma ɗaukar gidajen biki.

Aikin na Alhaji Sani ne, wani ɗan kasuwa a unguwar Tsinga. Yana son ɗan fim na tarihin mahaifinsa, Alhaji Garba, wanda ya yi shekaru yana gasa soya, wato tsire, a nan unguwar Brik, don jikokin da ke waje su san kakansu. Muka ɗauki muryar dattawan layin suna ba da labari. Hoto kuwa ɗaya ne ya rage, na katin shaida, baƙi da fari, tsohon ya haɗe gira kamar an taka masa tabarmar salla.

Akwai manhajar da ke sa hoto ya motsa, sai na zuba shi ciki ban tambayi kowa ba. Ta sa masa kala, ya ƙifta ido, ya juyo, ya yi murmushi har kunne. Allah ya yafe mini, a ranar ji nake babu gwani irina daga Brik har unguwar Nkomkana.

Ranar Juma'a bayan la'asar iyalin suka zo kallo, har da matar marigayin, Hajiya Ladi. Ana cikin jin muryar wani dattijo yana cewa Alhaji mutum ne da ko ƙarin yaji ka roƙa sai ka sha harara, sai ga Alhaji a allo ya washe baki. Alhaji Sani ya miƙe, ya ce bai kawo hoton mahaifinsa don a mai da shi ɗan tallan man goge baki ba. Patron ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Har na fara jin nauyin kyamara a kafaɗata.

Hajiya ce ta ce a maimaita wurin. Ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo wajena ta ce:

"Ɗana, waɗannan haƙoran a ina ka samo masa su? Ni da na zauna da shi har ya koma ga Allah ban taɓa ganinsu a jere haka ba."

Dariya ta ɓarke, Alhaji Sani ma ya kasa riƙewa. Ta ce a mayar da mijinta yadda yake, jikoki su gan shi da girarsa a haɗe, don da ita ya yi wa 'ya'yansa tarbiyya. Na ba da haƙuri, na gyara a gabansu. Patron ya bar mini kujerar, sai dai ya daɗe yana kirana likitan haƙori.

Da za su fita, Hajiya ta tsaya a baya kamar tana neman takalminta. Ta miƙo mini wayarta ta ƙarƙashin mayafi, ta ce a hankali, "Wancan na farkon, sa mini shi a nan. Kada Sani ya ji."

Abin da na koya ke nan. Na'ura tana iya ba mamaci fuskar da bai taɓa yi ba, amma ba mai montaj ke zaɓa masa ba, masu shi ne. Tun daga ranar ba na taɓa hoton kowa sai na tambaya. Kuma 'ya'ya daban nake tambaya, uwarsu daban.