Minti Ashirin a Bakin Famfo

Mutanen layinsu suna kiran ƙanena Agwagwa, kuma har yau idan na ji sunan nan sai raina ya ɓaci. Sun laƙaba masa shi ne saboda kullum da la'asar, idan ya taso daga gidan burodin da yake aiki, ba ya hawa ɗakinsa kai tsaye kamar kowane magidanci. Sai ya tsaya a bakin famfon da ke ƙarƙashin matakalar bene, ya cire rigar aiki ya cusa a leda ya ƙulle bakinta, ya wanke kai, ya wanke gemu, ya bi ƙarƙashin faratansa da tsohon buroshin haƙori, ya shaƙi ruwa ya fyace, sannan ya sa rigar da matarsa ta rataye masa a ƙusa. Minti ashirin cif. Ko ruwan sama ake yi, ko sanyi, haka yake yi.

Masu zaman kashe wando a ƙofar shagon aski ba sa barin sa ya wuce.

"Agwagwa, yau ma uwargida ba ta ba da izinin shiga ba?"

Sai ya yi murmushi ya ce, "Sai an duba bayan kunnena tukuna."

Ni ce babbar yayarsa, kuma ba zan yi ƙarya ba, ni ma na taɓa faɗa masa a fuska cewa mace ta mayar da shi abin dariya.

Yana da shekara goma sha biyar mahaifinmu ya rasu, sai ƙanen nawa ya ajiye littafi ya shiga gidan burodi. Shekara ashirin da huɗu ya yi a wurin. Ya fara da goge farantan gashi, ya kai inda idan ya danna kwaɓi da yatsa ɗaya zai gaya maka ko ya tashi ko da saura. Damatsansa duk tabon ƙuna ne. Ba shi da surutu, ba shi da abokan yawo. Idan ka ga bakinsa ya buɗe, to zancen yis mai tayar da kwaɓi ne da zafin wuta. Ya yi aure a makare, ya auri wata mai ɗinki, Allah ya ba su 'ya ɗaya. Mage muke ce mata, don a kan yatsun ƙafa take tafiya, ba ka jin zuwanta.

Da aka zo yaye ta, shi da kansa ya gutsuro burodin da ya gasa da hannunsa, ya tsoma a madara ya sa mata a baki. Kafin ya ajiye kofin leɓɓanta sun kumbura, numfashinta ya koma kamar ana busa usur. Likita ya ce jikinta ba ya karɓar alkama, ko ƙurar fulawa ta shaƙa tana iya shaƙe ta. Ya rubuta musu wata allura ya ce kada ta yi nisa da yarinyar. Daga ranar aka fara wankan bakin famfo.

Abin bai tsaya nan ba. Ta kai shekara uku ba ta haɗa kalma biyu. Idan cokali ya faɗi ƙasa sai ta toshe kunne ta durƙushe. Wani likitan ya yi musu bayani cewa ƙara da haske da taɓi suna isa gare ta da ƙarfin da ya ninka namu. Dangi kuwa suka ce sangarta ce, a bar musu ita sati ɗaya su gyara ta. Kowa ya zama likita, amma ba wanda ya taɓa kwana da ita.

Uwarta ta juya gidan gaba ɗaya. Ta shafe bangon falo da fenti ruwan toka mai haske, ba hoto, ba kalanda. Ta yanka tsofaffin silifas ta manna a ƙafafun kujeru don kada su yi ƙara. Ta naɗe mariƙin ƙofa da tsumma. Ta cire farin ƙwan lantarki ta sa mai rawaya, marar ƙarfi. Kayan Mage kuwa a bai-bai take ɗinka su, ɗinkin yana waje, don kada ya goge ta. A kicin babu fulawa, babu taliya, babu biskit. Duk abin da zai shiga gidan sai ta karanta bayan kwalinsa tana motsa leɓe kamar mai jarrabawa. Yarinyar tana da shuɗin faranti mai gida uku: farar shinkafa a ɗaya, dafaffen ƙwai a ɗaya, dankali a ɗaya. Idan suka taɓa juna, ba za ta ci ba, ko da za ta wuni da yunwa. Injin markaɗe ma ba a kunna shi sai uban ya fita da ita zagaye.

Duk da haka akwai ranakun da abin yakan fi ƙarfinta, ta riƙa ihu tana buga kai. A irin wannan lokacin abu ɗaya ne yake kwantar da ita: uban ya ɗauke ta ya matse ta a ƙirjinsa da ƙarfi, da hannayen nan da suka saba murza kwaɓi. Uwar ta gwada, ba ta da wannan ƙarfin. Shi kaɗai ne maganinta, kuma shi ne yake dawowa gida kullum da gubarta a jikinsa.

Mage tana da shekara bakwai aka kwantar da uwarta a asibiti za a yi mata aiki a ciki. Aka ce in zo in riƙe gidan kwana uku. Ta manna min takarda a jikin firij, shafi biyu, gaba da baya. Na karanta sashen abinci da kyau, don ina tsoron alkamar nan. Da na zo kan "kada a canja komai a falo", sai na taɓe baki. Na haifi biyar na raine su, wa zai koya min riƙon gida?

Gaskiya falon ne ya tsaya min a rai. Ƙanena yana aiki kamar jaki, amma ɗakinsa kamar wurin jiran likita. Na ce bari in yi musu abin arziki kafin matar ta dawo. A rana ta biyu, da na kai yarinyar makaranta, na biya kasuwa. Na sayo labule mai manyan jajayen furanni da zare mai ƙyalli. Na sayo agogon bango mai kiɗa duk awa. Na durƙusa na ɓamɓare silifas ɗin nan daga ƙafafun kujeru, ina cewa wannan ai ƙazanta ce. Na tsaya na kalli aikina, har na ji daɗi.

Uku da rabi na ɗauko ta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kaɗa hannaye, ta ƙi shiga.

Na ce, "Shigo mana, Mage, ki ga abin da Gwaggo ta yi muku."

Ta shiga da gudu ta shige ƙarƙashin tebur. Na ce a raina za ta saba.

Ƙarfe huɗu agogo ya saki kiɗa.

Ban taɓa jin ihu irin wannan ba. Ta fito daga ƙarƙashin tebur ta nufi bango, ta fara buga goshinta, ba wasa ba, da dukkan ƙarfinta. Na riƙo ta, ta ƙara haukacewa, ta fizge. A daidai lokacin uban ya shigo ƙofar gida. Ya ji ihun tun daga ƙasa, ya hawo da gudu, ya ci birki a bakin ƙofar falo. Fari fat yake da fulawa, har gira.

"Yaya, sake ta! Kada ki taɓa ta! Cire batirin agogon nan!"

Hannuna bai kai ba. Na jawo kujera in taka, ƙafafunta suka yi wani ƙara a kan siminti, yarinyar ta ƙara buga kai. Na ga jini a bangon.

Ya fizge rigarsa ya jefar a matakala. Ya dubi hannayensa, ya dubi 'yarsa. Famfo yana ƙasa, minti ashirin. Na ga lokacin da ya yanke shawara, don fuskarsa ta saki gaba ɗaya. Ya shigo ya sure ta ya matse. Ta cusa fuska a cikin gemunsa. Ihun ya ragu, ya koma shessheƙa, ya tsaya.

Na ce, "Alhamdu lillahi, ta yi shiru."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Yaya, ƙaramin aljihun jakar makarantarta, akwai allura. Miƙo min. Ki sauka ki tsayar da mota."

Ya san abin da zai biyo baya tun kafin ya taka ɗakin. Ina miƙa masa allurar na ga leɓɓanta sun fara tashi, usur ɗin nan ya fara fita daga maƙogwaronta. Shi ya soka mata a cinya. Ni ce na sauka matakala ina tuntuɓe, ba takalmi, ina yi wa motoci ihu. 'Yan shagon aski suka miƙe tsaye suna kallo. Ranar ba wanda ya ce Agwagwa.

Kwana biyu Mage ta yi a asibitin da uwarta take kwance, hawa ɗaya tsakaninsu. Allah ya yi da sauran kwananta. Na je gaban gadon matar ƙanena na tsaya. Ta ce, "Yaya, takardar tana jikin firij." Ba ta ƙara ko kalma ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Shi kuwa bai taɓa tayar min da zancen ba. Ni na koma na cire labulen, na zauna a ƙasa na yanka nawa silifas ɗin na manna wa kujeru.

Bayan sati ɗaya ya je ya gaya wa mai gidan burodin ya bar aiki. Mutumin ya yi ta roƙo, ya ce wa zai riƙe masa wuta, ya ce zai gina masa banɗaki a wurin aiki ya riƙa wanka kafin ya tafi. Ƙanena ya ce an gwada, kafin ka fita ƙofa ƙurar ta sake hawa kanka. Da na tambaye shi ko ya yi tunani da kyau, sai ya ce, "Yaya, minti ashirin ya yi mata yawa."

Yanzu wankin mota yake yi a wani gareji. Mutum mai shekara kusan arba'in, gwani a sana'arsa, yana goge tayar wasu. 'Yan shagon aski sun dawo da bakinsu, wai yanzu ne ya sami aikin da ya dace da sunansa. Dangi kuma suka taru a gidan kawunmu, ana ta cewa ya zubar da sana'a saboda yarinyar da ko "Baba" ba ta cika faɗa ba. Na miƙe na ce duk wanda ya taɓa ganin jinin yarinyar nan a bango ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga sai ni. Na ce to kowa ya kama bakinsa. Kawu ya ce ba ni da kunya. Na ce na ji, na ɗauki jakata.

Ba na cewa abin bai dame shi ba. Na lura idan za mu kasuwa sai ya zagaya ta bayan makaranta, don kada ya bi ta layin gidan burodin ya ji ƙamshi. Ranar hutunsa yakan kwaɓa garin shinkafa da na dankali, yana neman burodin da Mage za ta iya ci. Har yau bai samu ba, ko ya zauna kamar dutse ko ya ruguje. Sai ya juya shi a hannu ya ce, "Wannan da a wurin aiki ne, da na kori wanda ya yi shi." Ita kuma takan ɓantaro ɓawon gefe ta ajiye a gida na uku na farantinta, inda dankali yake zama. Wani lokaci ta ci, wani lokaci ta bari.

Makon jiya na je gidan da la'asar. Mage tana zaune a matakalar ƙarshe ta sama, inda ta saba jiran ƙarar famfo ta tsaya. Uban ya shigo ƙofar gida, ya wuce famfon, ya wuce ƙusar da babu riga a jikinta, ya hawo. Ta miƙe a kan yatsun ƙafa, ya ɗauke ta.